Ba Kowace Ajiya Ke Ƙara Daɗi Ba

Kafin wani ya ɗauki biro ya rubuto wa edita cewa malamin makaranta ya lalace, bari in fara wanke kaina. Ni dai ban taɓa kai giya bakina ba, kuma ina roƙon Allah ya karɓi raina ban san ɗanɗanonta ba. Amma gaskiya ɗaya ce: babban darasin da na samu a harkar rubutu, a kan wata jar giyar inabi ta ƙasar Ajantina na same shi, wadda ko kwalbarta ban taɓa gani da idona ba. Mai karatu, yi haƙuri ka ji yadda aka yi.

A shekarar 2004 na kammala littafina na farko. Ina koyarwa a wata firamare a nan Illela, lokacin kuwa zazzaɓin rubutu ya kama matasa. Duk ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, mai littattafai zai baje kayansa, ga na ɗaya, ga na biyu, ga na uku, matan aure na aiko yara su karɓo musu haya. Kusa da shi kuma mai kaset ya ƙure waƙar sabon fim. Ni ma na ce ba za a bar ni a baya ba. Cikin wata biyu na cika littafin rubutu huɗu da labarin wata yarinya da wani mugun attajiri ya so raba ta da saurayinta.

Don in nuna wa mai karatu irin lalacewar attajirin nan, sai na kai shi wani katafaren falo a Legas. Na sa ya buɗe firji ya ɗauko jar giya mai shekara 50, ya girgiza ta, ya tuttula a kofi, ya kwankwaɗe, zaƙinta ya ratsa shi kamar zuma. Wallahi a lokacin ji nake babu fitowar da ta kai wannan tsaruwa a duk littafin.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, a Birnin Ƙonni. Wanda bai san yankinmu ba, Illela da Ƙonni kamar ɗaki da zaure suke. Ka hau kabu-kabu, kafin ka gama gaisawa da mai mashin kun wuce iyaka, kun bar Nijeriya kun shiga Nijar. Dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, sai dai nan naira can sefa. Kawu mutum ne mai son labari, amma idonsa ya yi rauni, don haka wata Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, na kwashi littattafaina na tafi in karanta masa, ina jiran yabo.

Muna ƙarƙashin rumfarsa ta albasa, shayi na kan gawayi, ina karatu yana gyaɗa kai. Da na iso falon Legas sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗana. Maimaita mani wurin ga."

Na maimaita, har da ƙara murya. Sai Kawu ya fashe da dariya, har da riƙe ciki, maƙwabtansa na leƙowa.

"Wa yag gaya maka zaƙi gare ta?"

Na ce, "Kawu, ai a fim muke gani. In sun sha har lumshe ido suke yi."

Ya ce, "To ɗan wasan soɓo yash sha, shi as sa ya lumshe ido. Kai kuma ka kwaso soɓo ka zuba cikin littahi ka ce giya ta."

Raina ya ɗan sosu, amma da gaskiyarsa. Abin da ke cikin kofin ɗan wasa zoɓo ne ko lemo, kowa ya sani. Ni ne na ɗauki kwaikwayo na mai da shi ilimi.

A ranar ne Kawu ya ba ni labarin da ko mahaifiyata ba ta cika son a tayar ba. Ya yi kusan shekara 20 yana aikin kuku a gidajen Turawa a Yamai. Maigidansa na ƙarshe wani mutumin Ajantina ne da ke aikin haƙa rijiyoyi. Da mutumin ya dawo daga hutu wata shekara, sai ya zo da kwali biyu na giyar garinsu, ya damƙa wa Kawu amanar ajiyarsu kamar wanda ya ba shi jarirai.

"Ba ni taɓa haɗiye ko ɗigo ba," in ji Kawu, "amma hancina ya yi karatu. Ni ka buɗewa, ni ka zubawa, ni ka wanke kohuna."

Ya ce daren farko maigidan ya sa aka buɗe kwalba ɗaya. Bai kai baki nan da nan ba. Ya karkata kofin a kan farin ƙyallen tebur yana duban launi, ja ne mai duhu har yana komawa shuni. Ya juya kofin a hankali, ya sa hanci, ya daɗe. Sannan ya kurɓi kaɗan, ya riƙe a baki, ya yamutsa fuska ya ce wannan yarinya ce tukuna, a ba ta shekaru. Kawu ya tambaye shi ta yaya abin sha ke zama yarinya. Ya ce baurinta bai kwanta ba.

Nan Kawu ya tsiyayo mini shayin farko, wanda ya daɗe a wuta ba a sa masa sukari ba, ya ce in kurɓa in riƙe. Na ji harshena ya bushe, dasashina ya ɗaure.

"Ka jiya? Wanga shi na bauri. Ba ɗaci na ba, ba tsami na ba. Ka san bagaruwa?"

Wa zai tashi a ƙasar Sakkwato bai san bagaruwa ba? Da ita majema ke jeme fatar jar akuyarmu da ta yi suna har ƙasashen Turai. Daga baya na karanta cewa sinadarin da ke cikin bagaruwa, da wanda ke cikin shayi da goro, da wanda ke cikin ɓawon inabi da ƙwayarsa, duk dangi ɗaya ne, ana ce masa tanin, kuma sunan ma daga sana'ar jima ya samo asali a harsunan Turai. Shi ke hana fata ruɓewa, shi ne kuma ke taimaka wa jar giya ta jure shekaru. Tana sabuwa yana kama baki. In an ajiye ta yadda ya kamata, sai ƙwayoyinsa su riƙa haɗuwa da juna da kuma sinadarin launi, wasu su kwanta a gindin kwalba kamar gari, baurin ya yi laushi. Launin ma yakan juya daga shuni ya koma ja irin na jan bulo. Shi ya sa ba a girgiza tsohuwar kwalba, domin ka tayar da abin da ya yi shekaru yana kwantawa. Ga shi ni attajirina har girgizawa ya yi.

Zaƙi kuwa, yis ya riga ya cinye sukarin inabin tun wurin tsimawa, ya mai da shi abin da ke sa maye. Irin wannan jar giya ba ta da zaƙin da na rubuta. Kawu ya ce ƙamshin sabuwar kamar na ɗinya nunanniya yake. Wadda ta kwana biyu kuma sai ka ji kamar ka shiga rumfar dukawa, ƙamshin jemammiyar fata da ganyen taba, da ɗan ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka.

Na tambaye shi me ya sa ake ce mata haɗi. Ya ce ba inabi iri ɗaya ba ne a ciki. Maigidan ya gaya masa iri biyu ne, ɗaya ke ba da ƙashi, ɗaya ke ba da tsoka. Shekaru bayan haka, da intanet ta iso wayoyinmu, na bi diddigin maganar. Mafi yawan giyar Ajantina daga lardin Mendoza take fitowa, a gindin duwatsun Andis. Wuri ne busasshe mai ƙarancin ruwan sama, da ruwan ƙanƙarar da ke narkowa daga duwatsu suke ban-ruwa, kusan yadda mutanenmu ke noman rani a fadama. Suna girbi tsakanin Fabrairu da Afrilu, domin lokutan shekararsu a juye suke da na Turai. Inabin da suka yi suna da shi shi ne Malbec, mai duhun launi da cikar baki, wato tsokar da Kawu ya faɗa. Sukan haɗa shi da Cabernet Sauvignon, mai yawan bauri da juriya, wato ƙashin. Kowane iri ana tsima shi daban, masu haɗi su zauna su ɗanɗana, su tofar, su auna kaza daga wannan kaza daga wancan. A zuba a gangunan icen ok, waɗanda aka fi sani masu cin lita 225, a bar shi shekara ɗaya zuwa biyu kafin a ɗura a kwalba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne duk inabin nan baƙi ne a can. Malbec ɗan kudu maso yammacin Faransa ne, wani Bafaranshe masanin noma mai suna Michel Pouget ya kai shi Mendoza a wajajen 1853. A maƙwabciyarsu Chile kuma akwai wani iri mai suna Carmenère, wanda ya kusan ɓacewa a garinsu Bordo bayan wani ƙwaro ya cinye saiwoyin gonakin inabin Turai tun daga shekarun 1860. Fiye da shekara 100 manoman Chile na noma shi suna kiransa Merlot, sai a 1994 wani masani Bafaranshe, Jean-Michel Boursiquot, ya dubi ganyensa ya gane shi. Da na karanta wannan sai na tuna gardamar da muka sha yi a kan fina-finanmu da na Indiya. Aron iri ba laifi ba ne. Malbec aro ne, amma ya sha ruwan Mendoza da ranarta har ya zama nasu. Namu aron sau da yawa da tukunyarsa muke ɗauko shi, ba mu dasa shi a ƙasarmu ba. Falon Legas ɗina ma haka yake.

Mu koma Yamai. Kawu ya ce sharuɗɗan ajiya uku maigidan ya kafa masa: duhu, sanyi, kuma a kwantar da kwalba a gefenta don toshiyar bakinta, wadda ta ɓawon ice ce, kada ta bushe iska ta shiga. Sanyin da ake so bai wuce digiri 12 zuwa 14 ba. To ina za ka samo wannan a ƙasarmu, inda zafin Afrilu ke haura 40? Ɗaki guda aka ware, na'urar sanyi na aiki dare da rana. Shekara uku ana lallaɓa kwalaben nan, ana buɗe ɗaya jefi-jefi, maigidan na cewa ta fara hankali. A shekara ta huɗu ya yi tafiya a tsakiyar bazara, na'urar ta lalace, mai gyara ya yi ta yau da gobe har mako uku. Da aka buɗe ɗakin, wasu toshiyoyin sun turo kai, ja ya tsattsafo ta bakin kwalba.

"Da yad dawo yab buɗe guda, ko baki bai kai ba. Ni kaina daga nesa na ji ƙamshin ya mutu, awa abin da anka dahwa. Babban mutum, ɗana, sai ga shi zaune ya dahe kai."

Ba a daɗe ba Kawu ya bar aikin. Wani malami ya gaya masa cewa haramcin bai tsaya kan mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai ɗauka da mai zubawa. Ya ce kwana uku bai yi barci ba. Ya tattara ya dawo Ƙonni ya kama sayar da albasar Galmi, kuma har ya bar duniya yana neman gafarar shekarun nan. Bai ba ni labarin don ya burge ni ba. Ya ba ni ne don kada in sake rubuta abin da ban sani ba.

Da zan tafi sai ya riƙe hannuna ya ce, "Bature yac ce mani kowace kwalba da ranatta. In ka buɗe kahin ranar, ka yi hasara. In ka bari ranar ta wuce, ka yi hasara. Kuma mahi yawansu ba na ajiya na ba, ko shekara ɗari sunka yi ba su zama komi. Littahin ga naka yaro na. Aje shi ya kwana biyu, ka gyara, ka kawo mani in ji."

Da na dawo gida na ba mahaifiyata labari, sai ta ce ai ba sai an je Yamai ba. Ta nuna mini sure a bayan ɗaki. Daga jikinsa ake samun zoɓo, daga jikinsa ake samun gurguzu. Zoɓo in ka jiƙa shi ka sa citta da kanumfari, ranar za a sha, in ya kwana biyu a zafin nan ya yi tsami ya tashi. Gurguzu kuwa sai an dafa shi tsawon yini, a rufe shi kwanaki, a daka da ruwan toka, a sake rufewa, a shanya, kafin ya zama daddawar batso mai kai wata da watanni tana gyara miya. Tsiro ɗaya, ɗa ɗaya na gaggawa, ɗaya na haƙuri. Wanda ya ajiye zoɓo ya yi ɓarna, wanda ya buɗe daddawa da wuri ya yi ɓarna.

To jama'a, a nan ne na yi wautar da ta sa na ɗauki alƙalami yau. Maganar Kawu rabi biyu ce, ni rabin farko kawai na ji. Na sa littattafan nan huɗu a akwatin ƙarfe na rufe. Abokaina da muka fara tare suka buga nasu, wasu ma aka mai da su fim. In an tambaye ni sai in ce nawa na nuna, ni ba na rubutun kasuwa. Har wani girman kai na riƙa ji, ina ganin masu fitar da littafi uku a shekara kamar masu sayar da zoɓo ne, ni kuwa mai daddawa. Alhali ko buɗe akwatin ba na yi. Ajiya sunan da na laƙaba wa tsoro ne kawai, tsoron kada a sake yi mini dariya.

Duk sallah in na je gaida Kawu sai ya ce, "Ina yaron namu? Bai yi gemu ba har yanzu?" In yi dariya in ce saura kaɗan. Shekara 15 ana saura kaɗan.

A watan Agustan 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, har da tamu ta Illela. Gaskiya ba rufewar ce ta hana ni zuwa ba, don ɗan gari bai rasa hanyar da zai bi ya gaida kawunsa. Amma ta ba ni sabon uzuri. Na aika masa cewa ranar da aka buɗe iyaka zan zo da littafi gyararre. Da damina ta 2020 aka bugo mini waya cewa Kawu ya cika. Na samu jana'iza, ta hanyar da na ce babu. Ranar 16 ga Disamba, 2020 aka sanar da buɗe iyakar Illela. Mutane na murna a tasha, ni kuwa na shiga ɗaki na jawo akwatin ƙarfe.

Gara ba ta samu shiga ba, amma tsatsa ta ci gefen littafi na huɗu, tawadar wasu shafuka ta koɗe. Na zauna na karanta har asuba. Abin da na gani shi ne ajiya ba ta gyara ko jimla ɗaya ba. Falon Legas yana nan da ƙaryarsa yadda na bar shi. Soyayyar da na kwaso daga kaset ta yi tsami, ba ta karantuwa. Amma akwai wani babi da ban ɗauke shi komai ba a da, inda yarinyar ke raka kakarta kara ranar Lahadi su sayar da tunkiyarsu ɗaya tilo, tsohuwar na ta shafa bayan tunkiyar tana yi wa dillali gardama don kawai a ƙara mintuna kafin rabuwa. Wannan na gani da idona ina yaro. Shi kaɗai ne ya jure shekara 16, har ma ya fi yadda na san shi, domin yanzu na san mene ne rabuwa. Shi ne mai ƙashi. Da na buɗe akwatin tun 2006, da na gane haka, na zubar da sauran, na gina littafin a kansa, na je na karanta wa mutumin da ya fi kowa cancantar ji.

A rumfar Kawu na sha ganin yadda ake yi da albasa. Ana girbe ta a bazara lokacin da ta yi arha, a zuba a rudu, a jira farashi ya tashi. Amma mai albasa ba ya rufe rudu ya tafi. Kullum yana leƙawa, yana juyawa, yana tsince wadda ta fara ruɓa don kada ta shafi 'yan'uwanta, kuma ya san makon da zai fitar ko da farashin bai kai yadda yake buri ba. Har maigidan Kawu ma ai buɗe kwalba ɗaya yake yi lokaci-lokaci don ya san inda aka kwana. Ashe ajiyar gaskiya aiki ce. Ni rufewa na yi na kira ta haƙuri.

Don haka 'yan'uwana marubuta, musamman ƙannenmu da ke rubutu a waya suna sakin shafi-shafi a WhatsApp tun kafin su san ƙarshen labarin, ba zan ce muku ku daina sauri ba, ba ni da bakin faɗin haka. Wani labarin zoɓo ne, a sha shi da sanyinsa, kuma babu abin kunya a sayar da zoɓo mai kyau. Abin da zan roƙa biyu ne. Kada ku zuba wa mai karatu abin da ba ku san ɗanɗanonsa ba, ko ku tambayi wanda ya sani. In kuma kun ajiye rubutu don ya nuna, ku sa masa rana, ku riƙa leƙa shi, kuma in akwai wani tsoho da ke jiran ya ji, kada ku bari sai an buɗe iyaka.

Na sake rubuta littafin daga babin tunkiya. Attajirin yana nan, amma na dawo da shi Illela, dillalin shanu ne yanzu, kuma shayi yake sha, mai bauri, ba sukari. A shafin farko na rubuta sadaukarwa ga Kawu. Allah ya jiƙansa, ya karɓi tubansa, ya sa ya huta. Mu kuma Allah ya ba mu ikon gane ranar kowane abu. Amin.